Bokassa Ya Tafi, Ciyawarsa Tana Nan

Zuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu na titin Koudoukou da duk Kilomita Biyar, da ku na bakin iyaka, daga Beloko da Gamboula har Sido da Birao, da duk inda wannan takarda ta riske ku.

Na san abin da wani zai ce da ya ga kan maganar nan. Zai ce mu da muke fama da tsadar abinci, da shingayen hanya, da wahalar samun katin ɗan ƙasa, shi ne za a zo mana da zancen ciyawa a lokacin zaɓe? Ka yi haƙuri, ɗan uwa, ka karanta zuwa ƙarshe. In kai mahauci ne, ko dillalin shanu, ko direba, ko ke Hajiya da kike auna kuɗin cefane kina rage nama, ciyawar nan ta riga ta sa hannu a aljihunku, ko kun san ta ko ba ku san ta ba.

Ni mai fassara ne a wannan jam'iyya. Aikina in ɗauko maganar da aka rubuta da Faransanci in mayar da ita Hausa. Wannan karon na roƙi shugabanni su bar ni in rubuta da bakina, domin abin ya shafi gidanmu.

Ciyawar da ta ci sunan sarki

Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna, wanda dillalin shanu ne, ya tafi da ni sayen dabbobi wajen Yaloke. Muka sauka a rugar wani tsohon Arɗo. Da yamma ya kai mu bayan ruga ya nuna mana wani fili da ido ba ya ganin ƙarshensa, kore shar, ya fi tsayin mutum. Ni da yarinta na ce, "Baba, ai kun ji daɗi, ga ciyawa." Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya tsinko ganye ya murje ya miƙo mini. Wari ya bugi hancina. Ya ce, "Ɗana, wannan Bokassa ce. Saniya ba ta cin ta. A nan mahaifina ya yi kiwo, gamba ce ta rufe wurin nan. Yanzu ko akuya ba ta iya ratsawa." Bayan shekara biyu da kawu ya koma, ba ruga a wurin. Sun tashi.

Sunanta a littafin masana Chromolaena odorata, Faransawa kuma suna ce mata ciyawar Laos. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, yankin zafi da tsibiran da ke kusa. Turawa suka kai ta Asiya, daga can ta ƙetaro Afirka. A Najeriya ta shiga wajen 1937, a kusa da Enugu, ta maƙale a cikin irin itatuwan da aka kawo daga tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. A wasu wurare kuwa da gangan aka shuka ta a gonakin kofi, wai ta rufe ƙasa ta kashe tofa.

Ku lura da yadda talakawa suka raɗa mata suna. A Gana Acheampong suke ce mata, sunan sojan da ya mulke su daga 1972 zuwa 1978. A kudancin Najeriya wasu na ce mata Awolowo, wasu Akintola. A Kwaddibuwa Sekou Toure. Mu nan da Kamaru, makiyaya suka ce Bokassa. Gaskiya ita ce ta riga Bokassa shigowa, ba shi ya kawo ta ba. Amma a zamaninsa, daga 1966 zuwa 1979, ta yi ta cin daji, kuma makiyaya sun ga halinsu ɗaya: in ta zauna a wuri, ba mai ɗaga kai sai ita. An kifar da Bokassa a 1979, ya rasu a 1996. Ciyawarsa har gobe tana kan mulki, ba a taɓa yi mata juyin mulki ba.

Yadda take cin ƙasa

Ga yadda za ka gane ta. Ganyenta biyu-biyu ne suna fuskantar juna, mai tsini, da jijiya uku a bayyane, in ka murje sai wari. Tana kai mita biyu zuwa uku, in ta sami itace ta hau shi. Da shigowar rani, wajen Disamba, takan yi fure fari mai ratsin shuɗi. Gindi ɗaya na iya zubar da iri dubun dubata, kowane da ɗan gashi kamar audugar tumfafiya. Iska ta ɗauka, ya maƙale a jelar saniya, a tayar mota, a bakin buhu, a ƙafar wando. In ka sare ta ka bar gindin, sai ta tofo da ƙarfi fiye da da. In wuta ta ci samanta, gindin yana nan yana jiran ruwan farko.

Me ya sa ta fi ƙarfin gamba, alhali gamba 'yar gida ce? Dalili biyu ne. Na farko, a ƙasarta ta asali akwai ƙwari da cututtuka masu cin ta, su suke taka mata birki. Da aka ɗauko ta, an baro su can. Ta zo nan ba ta da mai tsawata mata. Na biyu, mu da kanmu muka buɗe mata ƙofa, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Inda aka tara shanu fiye da kima shekara da shekaru, sukan cinye ciyawa har ƙasa ta fito fili. Filin nan shi irinta yake nema. Kuma da can, doguwar ciyawa in ta bushe, wutar ƙarshen rani takan yi zafin da zai ƙone ƙananan tsirrai, daji ya zauna a buɗe. Da ciyawa ta ragu wuta ta yi rauni, sai Bokassa da ƙananan itatuwa suka sami sarari. Da ta yi inuwa, gamba ba ta ƙara tsirowa a ƙarƙashinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ciyawa ba. 'Ya'yan kaɗanya da ɗorawa da maje ba sa iya tasowa a cikin sarƙaƙiyarta, ke nan in manyan suka mutu ba magaji. Ɗanyen ganyenta guba ne ga dabba in yunwa ta sa ta ci da yawa. Inuwarta mafaka ce ga ƙudan tsando mai kawo sammore. Farar nan mai zane-zane da wari, wadda ke cin ganyen rogo, a cikinta take samun wurin hayayyafa. Da rani kuma busassun karanta makamashi ne, wuta na bin su har cikin gonar kofi da bakin kurmi.

Ba zan ɓoye muku ba, wasu manoma suna yabon ta. Sun ce tana kashe tofa, tana sa saura ta huta da wuri, ruwan ganyenta kuma yana tsayar da jinin rauni. Gaskiya ne. Abin da ya zama taki ga manomi shi ya zama annoba ga makiyayi. Saboda haka ne ake bukatar hukuma mai adalci da za ta zaunar da su biyun ta ce nan a bar ta, nan a kawar da ita. In ba a yi haka ba, kowa ya san abin da ke biyowa.

Daga daji zuwa tukunyarki

Bi sawun abin da ni. Wurin kiwo ya ƙare, makiyayi ya tashi. Ina zai nufa? Ko ya matsa kusa da gonaki, ko ya nutsa cikin daji inda 'yan bindiga ke karɓar haraji a kan kowace saniya, ko ya ƙetare iyaka da dukiyarsa baki ɗaya. In ya matsa kusa da gona, saniya ta shiga rogo, a zare adda, a kai gawa. Sai a ce rikicin addini ne ko na ƙabila, alhali da yawa daga ciki a kan ciyawa da ruwa suka faro. In ya ƙetare iyaka, shanun da za su iso kasuwar Bouboui ta Kilomita 45 sun ragu. Shanu suka ragu, kuɗinsu ya hau. Mahauci ya saya da tsada, mai tsire ya rage yanka, ke kuma Hajiya ki koma gida da ƙashi maimakon tsoka.

Ban ce ciyawa kaɗai ce ta jawo wannan ba. Yaƙi ya fi ta ɓarna, kuma duk mun gani da idonmu tun 2013. Amma yaƙi in Allah ya yarda zai ƙare. Ranar da makiyayan da suka gudu Kamaru da Cadi za su dawo da shanunsu, me za su tarar a mashekarinsu na da? Filin da aka bari shekara goma ba kowa, wa kuke zato ya gaje shi?

Ba ita kaɗai ba ce

Ku sauka bakin kogin Ubangi, wajen da ake ƙetarawa Zongo, ku ga wata irin kainuwa mai shuɗin fure tana wucewa tsibi-tsibi. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, amma wannan dashen mutum ce. Daga Kudancin Amurka aka kawo ta don ado, ta kuɓuce ta shiga kogin Kwango a farkon shekarun 1950. Cikin kamar mako biyu takan ninka kanta. Inda ruwa ya kwanta sai ta rufe shi, ta hana kifi iska, ta yaga koma, ta tare kwalekwale, ta tara sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya. A tafkin Biktoriya, wajen 1997, ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, masunta suka zauna suna kallon ruwa.

A 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Afirka ta Yamma, ita ma daga Amurka. Kafin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen nahiyar, har da tamu. A shekarar dai, wata tsutsar ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kai. Rahoton da masana na duniya suka fitar a 2023 ya ƙidaya irin waɗannan baƙin halittu masu ɓarna sama da 3,500, ya ce asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara. Ba a talaka aka fara ba, amma a kan talaka take ƙarewa.

Tsakanin baƙo da azzalumi

A nan ina so ku tsaya da ni, domin akwai kalmar da ke yi mana zafi a unguwar nan: baƙo. An kira mu da ita a tasha, an kira mu da ita a layin karɓar takarda, an kira mu da ita a 2014 lokacin da Kilomita Biyar ta zama kurkukun da ba mai fita, alhali kakannin da yawa daga cikinmu a ƙasar nan aka binne su tun kafin a ba ta 'yanci a 1960. Saboda haka kada wani ɗan siyasa ya ɗauki maganar ciyawa ya juya ta kan mutane. Mutum ba ciyawa ba ne. Boganda ya riga ya gama magana, kuma tana rubuce a tambarin ƙasa: Zo kwe zo, duk mutum mutum ne.

Ko a cikin tsirrai, baƙunta ba laifi ba ce. Rogon da ake yin gozo da shi, wanda shi ne tuwon ƙasar nan, daga Birazil 'yan Fotugal suka kawo shi. Mangwaron da ke yi wa titunan Bangui inuwa daga Indiya yake. Masara, gyaɗa, tumatir, barkono, duk daga nahiyar Amurka. Wa zai ce a tuge su? Sun zo sun zauna da maƙwabta lafiya, sun ciyar da gida. Kuma ku ji abin mamaki: gambarmu, wadda Arɗo ke kuka a kanta, an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 don kiwo. Yau a arewacin ƙasar hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi, domin tana haddasa gobarar da ke cinye dazuzzukansu. 'Yar halak a gidanmu, annoba a gidan wasu. Ashe ba asali ne abin dubawa ba, hali ne. Wanda ya zo ya zauna da kowa ya amfani kowa, ɗan gida ne. Wanda ya mamaye wuri ya hana kowa numfashi, shi ne abin tugewa, ko da a nan aka yanke cibiyarsa. Mai hankali ya fahimta.

Akwai magani, an gwada an gani

Kada a ce muku ƙaddara ce ba yadda za a yi. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da toka ya ɓulla a rogon Kinshasa da Brazzaville, nan maƙwabtanmu, ya bazu yana kashe gonaki har ana tsoron yunwa a ƙasashe da dama. Masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da abokan aikinsu, suka bi sawunsa har ƙasar Faraguwai, suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro da bai kai ƙwayar riɗi ba, wanda ba ya cin komai sai wannan ƙwaro. Bayan an gwada shi aka tabbatar ba zai taɓa wani abu ba, aka fara sakinsa a 1981. Rogon Afirka ya tsira, manomi bai biya ko dala ba. Shugaban aikin, Hans Herren, ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

Haka aka yi wa kainuwar tafkin Biktoriya da wasu ƙananan ƙwari masu cin ta, ta ja baya ƙwarai. Ita kanta Bokassa, a Gana an saki wata tsutsa mai cin ganyenta, a Kwaddibuwa kuma an saki wani ɗan ƙuda mai sa karanta ya yi ƙulli ya kasa girma, har ya bazu zuwa Gana da Najeriya. Ba ya kashe ta ƙurmus, amma yana karya mata ƙarfi har ciyawar gida ta iya tasowa.

To mu fa? Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare halittu tun 1995, kuma a ciki an yi alkawarin hana shigowar irin waɗannan da yaƙar waɗanda suka riga suka shigo. Muna da hukumar kiwo ta ANDE, muna da cibiyar bincike ta ICRA da tsohuwar tasharta ta Boukoko kusa da Mbaiki, muna da ƙungiyar makiyaya ta FNEC. Akwai ma'aikata masu ilimi da kishi a cikinsu, amma likita ba magani, ba mota, ba mai, me zai yi? Masu riƙe da ƙasa yanzu suna kan kujera tun 2016. In sun zo neman ƙuri'arku, ku tambaye su cikin ladabi: hekta nawa na wurin kiwo kuka ƙwato? Nawa kuka ware a kasafi? Ku saurari amsar da kyau.

Ni dai na taɓa hawa bayan babbar mota daga Beloko zuwa Bangui, tafiyar kusan kilomita 600. Ba zan kama sunan kowa ba. An tsayar da mu har na gaji da ƙirga, a kowane shinge an miƙa hannu, an tambayi takardata an juya ta gaba da baya saboda sunana. Amma buhunan iri da dashen itatuwa da muke zaune a kai, ba wanda ya ce a kwance ko ɗaya. Ana tare ɗan ƙasa, ana ɗaga wa annoba hannu.

Abin da muka ɗauka a wuyanmu

Ku ajiye wannan takarda, ku riƙe mu da ita in Allah ya ba mu.

Na ɗaya, a shekarar farko za a zagaya da Arɗo-Arɗo da sarakunan ƙauyuka a auna wuraren kiwon da ciyawar ta ci, a fara da Bossembele, Yaloke, Bouar da Bambari, a karanta sakamakon a rediyo kowa ya ji.

Na biyu, za mu sa kuɗi a kasafi domin masananmu su nemo ƙudan nan daga ƙasashen da suka riga mu, su gwada shi tukuna, sannan a sake shi. Ba za a gyara kuskuren gaggawa da wata gaggawar ba.

Na uku, aikin kuɗi ga matasa: a tuge ta da gindinta kafin ta yi fure, a shuka gamba a gurbin, a hutar da wurin har ciyawa ta kama. Yaron da ke da aikin yi da rana ba ya ɗaukar bindiga da dare.

Na huɗu, a mashigar iyaka da bakin kogi a sa ma'aikacin gona mai duba iri da dashe, da albashinsa a kan kari, a rage shingayen da ba su da aiki sai karɓa.

Na biyar, a kowace ƙaramar hukuma mai kiwo a kafa zaman manoma da makiyaya, su shata burtali, su tsayar da lokacin sa wuta, su yanke inda za a bar ciyawar da inda za a kawar da ita.

Na shida, duk sanarwar noma da kiwo a yi ta da Sango, Hausa, Fulatanci da Larabci, ba Faransanci kaɗai ba.

Kafin nan, akwai naka. Direba, share motarka da tayoyinta kafin ka baro inda ciyawar take. Ɗan kasuwa, kada ka shigo da irin da ba ka san asalinsa ba don ya yi araha. Hajiya, furen ruwa komai kyansa kada ki zuba shi a kwata ko rafi. Mai gona, in ka ga gindi ɗaya a bakin shinge, tuge shi yau kafin ya yi fure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar zaɓe kuma, ka fito da sassafe da katinka, ka taho da iyalinka da maƙwabcinka. Za a ce maka ƙuri'arka ɗaya ba ta canja komai. Ka tuna iri ɗaya ne ya maƙale a bakin buhu ya cinye dajin Arɗo. Ka duba alamar da ke bangon wannan takarda, ita za ka nema a rumfar zaɓe. Kada ka karɓi faɗa daga kowa, kada ka zagi kowa, ka jefa ƙuri'arka, ka tsaya a ƙirga a gabanka.

In ka gama karantawa, ka karanta wa wanda bai iya ba, ka ba direban da zai tafi iyaka ya kai wa na can.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, ya albarkaci gona da garke, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka. Amin.

Naku,
Mai fassarar jam'iyya, titin Koudoukou, Kilomita Biyar, Bangui